Za a fasa mana kicin muna cikin gidan, ina zan koma da girki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigida ya yanke shawarar a fasa kicin ɗinmu a faɗaɗa shi, a sa tayil da sabbin kabet. Magini ya ce aikin mako 3 ne, kuma farkon damina za a fara. Mu 7 ne a gidan, har da yaro ɗan shekara 2, ba mu da inda za mu koma. A Kano muke, gidan ba bene ba ne, akwai tsakar gida da gareji. Da gas nake girki, wani lokaci gawayi. Ni na ce in gyara wani lungu a falo, shi kuma ya ce mu riƙa sayen abinci har a gama. Mece ce shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa a fara a sa'a, a gama lafiya. Na daɗe ina tsayawa a kan aikin gyaran gidaje, kuma mafi yawansu masu gidan suna ciki ake yi, don haka wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurina.

Da farko ki cire mako 3 ɗin nan daga ranki. Magini kwanakin da hannunsa zai yi aiki ya ƙirga miki, ya bar kwanakin jira. Bayan fasawa da kwashe ɓaraguzai, sai mai famfo da mai wayarin sun tsaga bango sun binne bututunsu kafin a yi filasta. Idan za a zuba kankare a yi kanta, sai an yi mako guda ana ba ta ruwa, ƙarfinta kuwa ba ya cika sai kwana 28. Filasta da damina ba ta saurin bushewa, wanda ya yi mata fenti tana ɗanya zai ga ya kumbura yana ɓarewa. Kafinta kuma ba zai auna kabet ba sai mai tayil ya gama, in ya auna ya tafi shago ya ƙera. Ki haɗa da Juma'a da ake rabin yini, da ranar da ruwa ya tsuge tun asuba, da leburan da za su tafi garinsu shuka. Ki yi shirin mako 6. In an gama kafin nan, ribarki ce.

Da wannan lissafin maganar Alhaji ta warware kanta. Mutum 7, ci uku a rana, kwana 42, kwano 882 ke nan na abincin saye. Kuɗin ya isa ya yi rumfar da zan faɗa miki sau da yawa, ga shi damina ce, lokacin da amai da gudawa ke yawo, ga ƙaramin yaro. A sayo ƙosai da safe ko tsire da dare wani lokaci don ki huta, wannan daidai ne. Amma gida ya rayu a kan abincin titi wata ɗaya da rabi, ban ba da wannan shawarar ba.

Falo ma ban goyi baya ba. Labule, kujeru, kafet, duk abincin wuta ne, kuma nan ne filin wasan yaronki. Bayan haka ƙaurin manja da daddawa in suka shiga soson kujera sun zauna ke nan, sai a gama gyaran kicin a dawo ana maganar canja kujeru. Ɗakin kwana kuwa kada ma a kawo zancensa. Gareji zai yi idan an fitar da mota da janareta da duk wata jarkar fetur, kuma ƙofarsa a buɗe muddin wuta na kunne. Sai dai ki sani, shi ma magini idonsa na kan garejin, don nan zai so ya jibge siminti kada ruwa ya taɓa shi. Galibi kuma gareji a bakin get yake, kan hanyar masu shiga da yashi da masu fita da ɓaraguzai, kin ga kin zama kina tuƙa tuwo maza na giftawa ta gabanki yini guda. Ni da za a bi tawa, a bar wa magini gareji, a kafa miki rumfa a tsakar gida, irin madafin da iyayenmu suka yi ta girki a ciki kafin kicin ya shigo cikin ɗaki.

Wurin kafa rumfar shi ne rabin aikin. Ki tsaya a tsakar gidan ki duba abu uku: ina ruwa ke bi ya fita, ina indararo ke zubowa, ina hanyar ma'aikata daga ƙofa zuwa tsohon kicin. Ki zaɓi kusurwar da ta fi nisa da hanyarsu, wadda ba a ƙarƙashin indararo take ba, kuma kusa da kwata. Hadari a ƙasarmu daga gabas yake tasowa da iskarsa, saboda haka rumfa ta juya wa gabas baya. In katangar gida ce a gabas ɗin, kin samu bango kyauta. Faɗin ƙafa 8 da tsawon ƙafa 10 ya ishe ki. Rufi na kwano, ko tsoho ne in dai ba ya yoyo, a ɗaure shi sosai. Gefen da wuta take shi ma kwano za a kafa, kada a sa zana ko tamfol, zana tana kamawa, tamfol yana narkewa ya ɗigo. A bar tazarar kamar taƙi biyu tsakanin saman bango da rufi don hayaƙi da zafi su fice. Zana ko tamfol ki yi amfani da su can nesa da wuta, ki tare tsakaninki da hanyar ma'aikata, ki samu sutura ki yi aikinki a sake. Ƙasan kuma a ɗaga shi da jerin bulo ɗaya a cike da ƙasa a daddaɓe, domin ruwan watan Agusta yana mayar da tsakar gida tafki na ɗan lokaci. Duk wannan aikin yini ɗaya ne ga kafinta da lebura ɗaya.

Tebur ba sai an saya ba. Bulon da aka sauke don aikin ki ara. Bulo mai inci 9 tsayinsa santimita 22 da rabi ne, in aka ɗora huɗu sun ba da santimita 90, wanda shi ne tsayin kantar kicin da aka saba yi. A jera su bibbiyu ana saɓa su don kada su yi rawa, a shimfiɗa tsohuwar ƙofar kicin ɗin da aka cire a kai, a sa ragowar tayil ko guntun kwano a ƙarƙashin kan gas. Amma tukunyar tuwon mutum 7 kada ki tuƙa ta a kan wannan tebur. Tuƙi yana son ƙarfi, bulon da ba a ɗaure da siminti ba kuwa yana iya gocewa. Ki sa a yi miki wani ɗan dandamali a ƙasa, bulo ɗaya, ki zauna a kujerarki ki tuƙa hankali kwance.

Ga abin da na fi so ki riƙe a duk amsar nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ki yarda a ɗaga guduma sai rumfa ta kammala kin yi kwana uku kina girki a cikinta, tsohon kicin yana nan daram. A kwana ukun nan za ki gane iska tana kashe miki wuta ta wani gefe, ko ba kya ganin cikin tukunya bayan magariba, ko ruwan wanke-wanke yana komawa ƙofar ɗaki, ko kin manta matsami da abin buɗe gwangwani a kwalin da aka ɗaure. Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne in akwai kicin ɗin da za ki ruga ki ƙarasa miya. Ranar da aka wayi gari babu shi, su ne za su sa ki kuka. Magini zai matsa, zai ce yaransa sun zo ba za su zauna ba. Alhaji ya gaya masa ranar farawa bayan an gwada rumfa, ba kafin nan ba.

Abin da ya fi gajiyar da mata a irin wannan zama ruwa ne, shigarsa da fitarsa. Tunda mai famfo zai zo dole ya toshe bututun tsohon kicin, a ce masa a ranar ya ja miki layi ɗaya a saman ƙasa zuwa bakin rumfa ya sa kan famfo. Bututu ne kaɗan, aikin awa ɗaya. Idan har zai kwance tsohon abin wanke-wanken ba tare da ya lanƙwasa shi ba, a ɗora shi kan bulo a sa masa tiyo zuwa kwata, kin huta da durƙuso. In ruwan 'yan garuwa kuke saye, ki ware duronki mai murfi, su ma ma'aikata a ba su nasu can wajensu. In duro ɗaya ne, wallahi kafin azahar za ki tarar da bokitin kwaɓa siminti a cikin ruwan girkinki. Kuma a gargaɗe su kada su wanke cebur da kwanon kwaɓi a kwata, domin siminti yana daskarewa ko a cikin ruwa, zai toshe magudanar. Ke ma a naki ɓangaren ki kwashe ragowar abinci da maiƙo kafin wanki, ki sa tsohuwar rariya a bakin kwatar. Idan babu kwata kusa, a haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya, nesa da gindin gini da rijiya, a cika shi da fasassun bulo, abin da ba za ku rasa ba a kwanakin nan. Banɗaki dai kada ya zama wurin wanke kwanuka, ko don tsafta ko don darajar abinci.

Sai gas. Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta zuba ba ta tashi sama, ƙasa take kwanciya ta bi gangare kamar ruwa ta taru a rami ko kwata ko lungu. Shi ya sa ƙasan rumfar ma yake son kafar iska, kuma kada a ajiye tukunyar gas a bakin kwata ko kan murfin sokawe. Ta tsaya a tsaye koyaushe, a inuwa, a ƙasa mai daidaito, da ɗan nisa daga harshen wuta. Bayan an ɗauko ta an sake haɗawa, ki kaɗa omo a ɗan kofi har ya yi kumfa, ki buɗe gas daga kan tukunyarsa, abin girkin yana rufe, ki shafa kumfar da soso a wuyan tukunya, da bakin regileta, da duk inda tiyo ya shiga. Ki zuba ido. In kin ga kumfa tana hurowa tana girma kamar ana busa ta, akwai yoyo, ki rufe a gyara. Na sha ganin masu gwadawa da ashana, Allah dai ya kyauta. Tiyon da ya yi tauri ko ya fara tsattsagewa a canja shi yanzu, a ɗaure bakinsa da maɗaurin ƙarfe, ba da waya ko roba ba. Kullum in kin gama ki rufe daga kan tukunyar. Ranar da mai walda zai yi aiki, ko za a yanka ƙarfe tartsatsi na tashi, a matsar da ita nesa. Fenti mai mai da tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, kuwa kada a ajiye miki su a rumfa ko da na dare ɗaya ne, don ma'aikata suna son duk inda ke da rufi.

Gawayi haɗarinsa ya fi ɓuya. Yana fitar da wata guba da ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda janareta ke fitarwa. Tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, mutum ya ce bari ya ɗan kwanta, shi ke nan. Ranar da ruwa ya tsuge zuciya za ta ce ki shigo da kurfoti baranda ko falo ki ƙarasa. Kada ki shigo da shi, ko da ya daina hayaƙi ya zama jan garwashi, a lokacin ma yana fitar da ita. Ranar a sha shayi da burodi. Janareta shi ma ya yi nisan kamar ƙafa 20 daga tagogi, ya juya wa ɗakuna baya. Ki ajiye bokitin yashi a bakin rumfa. In mai ya kama a kasko, ki kashe gas ki kife murfi a kai, kada ki kuskura ki watsa ruwa, domin ruwa a tafasasshen mai tashi yake da wutar ya watsu.

Ta wajen lantarki lissafin gajere ne. Wutarmu bolt 230 ce, soket na gida kuma amfiya 13 yake ɗauka, wato kusan wat 3,000. Butar lantarki kaɗai takan ci wajen 2,000. In kika haɗa ta da risho na lantarki mai 1,500 a jona ɗaya kin wuce iyaka, balle irin jonar kasuwa mai siririyar waya da ke ɗumi tun ba a kai nan ba. Mai wayarin ya ja miki waya mai kauri ta sama, ba ta ƙasa inda ruwa ke kwanciya ba, ya sa soket ɗaya da ƙwai ɗaya daidai saman tukunyar girki. Firji ba shi da aiki a rumfa. Ki kai shi falo ko wani ɗaki, a ɗauke shi a tsaye, a bar shi ya huta wasu awanni kafin a kunna. Ki tuna za su riƙa kashe wutar gida suna aiki. Firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza a cike kuwa takan kai kwana 2.

Ƙura ce abin da na raina har ta koya mini hankali, kuma a gidana. Wanzami ba ya son jarfa: da na tashi gyara namu kicin, duk abin da nake gaya wa mutane ban yi ba, na ce kwana goma ne. Ranar da mai tayil ya kunna injin yanka a tsakar gida, uwargida ta kwashe tuwon shinkafa tana mulmulawa can gefe. Da dare na kai loma ta farko na ji ƙasa-ƙasa a haƙorina, na kalli miyar kuka na ga wani fari-fari ya kwanta a kan man. Ba ta ce mini komai ba, ta dai turo mini kwanon gabana ta ce in ƙara. Washegari da sassafe na kira kafinta. Ƙurar tayil da siminti ba a abinci kaɗai take tsayawa ba, tana shiga huhu, ta fi cutar da yara da masu asma. A yanka tayil a waje ana zuba masa ruwa. Ƙofar da ta haɗa tsohon kicin da cikin gida a rufe ta, a manne leda mai kauri ciki da waje, a cusa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasanta, ma'aikata su riƙa bi ta ƙofar baya. Idan gidan tsoho ne mai silin asbestos, wannan farin allo mai tauri da aka yi yayi, a jiƙa shi a cire shi ɗaya bayan ɗaya ba tare da an farfasa ba, domin ƙurarsa tana jawo mugun ciwon huhu bayan shekaru. Ranar ki kwashi yara ku yini gidan 'yan'uwa.

Fasa kicin yana tayar da duk wani ɓera da kyankyaso da suka yi shekaru a bayan kabet, kuma inda abinci ya koma nan za su bi. Buhun shinkafa da gari da wake kada su kwana a rumfa. A juye su a robobi masu murfi a ɗora kan katako a ɗaki ɗaya mai kullewa, ki riƙa ɗibar na yini. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera a kan abinci yake kama mutane, don haka murfi ba ƙawa ba ne. Kayan aiki kuma ki rage su: tukwane uku, kasko ɗaya, muciya, ludayi, mara, wuƙa biyu, kula, faranti da kofi ɗaya ga kowa. Sauran, musamman na fashewa da kayan jeren da ake ji da su, a naɗe a kwali a rubuta abin da ke ciki a kulle. Yawan kwanuka yawan wanke-wanke ne.

Kafin a fasa, ki yi amfani da tsohon kicin ki yi wa kanki guzuri. Ki niƙa kayan miya da yawa ki dafa har ruwan ya ƙone, ki soya, ki raba a ƙananan robobi ki sa a firiza. Ki soya nama, ki daka yaji, ki tanadi kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa. Sai ki karkata ga girkin tukunya ɗaya: dafa-duka, faten wake, faten doya, ɗanwake, taliya, wake da shinkafa da mai da yaji. Waina da funkaso da duk wata suya mai yawan mai su jira sabon kicin. Ki yi babban girki da sassafe kafin su fara tayar da ƙura, ki zuba a kula, na dare kuma bayan sun tashi. Abin da ya rage kada ya wuce awa 2 a waje, a zafin Kano ma gara awa ɗaya, ɗumame kuma a tafasa shi har cikinsa, musamman shinkafa.

Yaron nan ɗan shekara 2 a yi wa bakin rumfa 'yar ƙofa mai sakata saboda shi, ko da ta guntun katako ce da ta kai ƙugu. Mariƙin kasko ya kalli bango, ashana da wuƙa a rataye sama, bokiti ko baho mai ruwa kada a bar shi a buɗe, don yaro kamarsa yana iya nitsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba.

Akwai maganar da ba ki tambaya ba amma za ta taso: abincin ma'aikata. Tun a wajen ciniki Alhaji ya yanke da magini cewa kuɗin abinci yana cikin kuɗin aiki. Ruwan sha mai sanyi, ko kunu ranar da kika yi niyya, wannan alheri ne da lada. Amma in kika fara miƙa kwano ranar farko ya zama ƙa'ida, za ki tsinci kanki kina dafa wa mutum 13 a rumfar da aka yi don 7.

In an ce an gama, kada ki yi saurin kwashe kaya. A bar tayil ya kama, warin fenti ya fita da tagogi a buɗe. Ki cika abin wanke-wanke da ruwa ki sake shi gaba ɗaya, ki sa hannu a ƙarƙashi ki ji ko akwai danshi, ki gwada kowane soket, ki maimaita gwajin kumfa bayan an dawo da gas. Sai bayan nan Alhaji ya biya cikon kuɗi. Rumfar kuma ki hana a kwance ta. Gidaje da yawa da na yi wa irinta har yau tana nan, a ciki ake suyar naman layya da girkin suna, sabon kicin ɗin kuma silinsa yana nan fari.